Ranar Mayar da Makulli: Tarihin Arlit da Darasin Kuɗin Ajiyar Haya

Duk malamin makarantar da aka taɓa yi wa canjin wurin aiki ya san wannan rana. Takarda ta fito, an ɗaure kaya, mota tana ƙofar gida, saura abu ɗaya: a mayar wa mai gida makullinsa, shi kuma ya dawo da kuɗin ajiyar da ya karɓa ranar shiga, wanda a biranen Nijar ake ce wa kosiyon. To a nan ne ake jin maganar da ba a taɓa ji ba. Mai gida zai zaga ɗakuna yana nuna tsagewar bango, yana murɗa famfo, yana cewa ƙofar nan lafiyarta ƙalau lokacin da ya ba ka. Kai kuma ka rantse haka ka same ta. Babu takarda, babu shaida, direba kuma yana ta gaggawa. Sau da yawa malam haƙura yake yi, ya bar kuɗinsa, ya ce Allah ya isa, ya hau mota.

Ina so mu ɗauki wannan ƙaramar rigima da kowa ya sani mu auna babba da ita. A arewacin Nijar akwai garin da gaba ɗayan tarihinsa tarihin haya ne, kuma a zamaninmu aka zo ranar mayar da makulli a can. Garin shi ne Arlit, tare da maƙwabciyarsa Akokan, kimanin kilomita 240 arewa da Agadas. Wanda ya fahimci abin da ya faru a can zai gane cewa kuɗin ajiya tun ranar shiga ake kare shi ko a rasa shi.

Yadda aka shiga gidan

A 1957, Nijar tana ƙarƙashin Faransa, masu binciken ma'adinai na Faransa suna neman tagulla a Azelik, kusa da Ingal, sai suka ci karo da alamun yuraniyom. Hukumar makamashin nukiliya ta Faransa ta karɓi binciken, ta bi duwatsun yammacin Azbin har ta gano inda arzikin ya fi taruwa. A 1968, shekara takwas bayan samun 'yancin kai, aka kafa kamfanin SOMAÏR, ya fara fitar da yuraniyom a 1971 daga manyan ramuka buɗaɗɗu. A 1974 aka kafa na biyu, COMINAK, wanda ya fara aiki a 1978 a Akouta, inda ake shiga ƙarƙashin ƙasa zurfin mita 250. Masu hannun jari a COMINAK sun haɗa da Faransa da gwamnatin Nijar da wani kamfanin Japan da na Sifaniya. Sunan uwar kamfanin ta Faransa ya yi ta sauyawa: COGEMA daga 1976, Areva daga 2001, Orano daga 2018.

Kafin wannan lokaci babu birni a wurin. Fili ne na makiyaya, Abzinawa suna bi da raƙuma da awaki daga rijiya zuwa rijiya. Kamfani ne ya gina gari domin ma'aikatansa: Arlit don SOMAÏR, Akokan don COMINAK. Aka shimfiɗa kwalta mai tsawon sama da kilomita 600 daga Tawa ta Agadas zuwa Arlit, wadda har yau ake kira hanyar yuraniyom. Aka kafa SONICHAR a yankin Cirozerin domin a ƙona gawayin ƙasa a ba ma'adinan wuta. Garin yuraniyom ɗin da aka tace kuwa a wancan lokaci akan loda shi a manyan motoci har tashar jirgin ruwa ta Kwatano, daga can sai Faransa.

Idan muka faɗe shi da harshen gida, Nijar ce mai gida, kamfani ne ɗan haya. Ƙasa da abin da ke cikinta na Nijar ne, izinin haƙa kuwa na wani lokaci ne. Kuma tun ranar farko kowa ya san wannan haya tana da ƙarshe, domin ma'adini ba gero ba ne da za a sake shukawa.

Haya cikin haya

A cikin garin kuma sai lamarin ya juye: kamfani ya zama mai gida, ma'aikaci ya zama ɗan haya. An gina unguwannin ma'aikata bisa matsayi, na manya daban, na matsakaita daban, na leburori daban. Akwai ruwa, akwai wuta, akwai asibiti da kanti da wuraren wasa. Labarin wannan jin daɗi ya bazu har aka riƙa kiran Arlit ƙaramin Paris. Samari daga Damagaram da Maraɗi da Tawa da Dosso, har da ƙasashe maƙwabta, suka yi ta kwararowa.

Ba kowa ne ya samu aikin kamfani ba. Waɗanda ba su samu ba, da makiyayan da farin 1973 da na 1984 ya raba da dabbobinsu, suka kafa matsugunai a gefen gari da kara da kwali da tsofaffin gwangwanaye. Sunan da ya bi irin waɗannan unguwanni Bahaushen suna ne, Bukkoki. Daga baya aka yi gine-ginen laka da na siminti, aka samu masu gidajen haya da 'yan haya: 'yan kasuwa, direbobi, ma'aikatan gwamnati, da malaman makaranta da aka turo daga kudu.

Gidan kamfani yana da wani sharaɗi da mutum kan manta idan ya daɗe a ciki. Makullinsa a ɗaure yake da aiki. Mutum ya yi shekara 25 a gida, ya dasa itace a tsakar gida, an haifi 'ya'yansa a nan, an yi aurensu a nan, amma ranar da aiki ya ƙare sai ya tuna cewa gidan ba nasa ba ne. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Masu hangen nesa a cikin ma'aikata sun sayi fili a garuruwansu tun suna karɓar albashi. Wasu kuwa sai da aka yi sallama suka fara tunanin inda za su kai iyali.

Shekara 50 ana cinikin kuɗin wata

Abin lura a tarihin nan shi ne, kusan duk manyan rigingimun da aka yi tsakanin Yamai da Faransa a kan kuɗin haya aka yi su, wato farashi da haraji da kaso. A farkon 1974, bayan tashin farashin man fetur a duniya, Shugaba Diori Hamani ya nemi a ƙara farashin yuraniyom. Ana cikin tattaunawa Shugaba Pompidou na Faransa ya rasu ranar 2 ga Afrilu, ranar 15 ga watan kuma sojoji ƙarƙashin Seyni Kountché suka kifar da Diori, a lokacin da fari da yunwa suka riga suka girgiza mulkinsa.

Ƙarshen shekarun 1970 lokacin daula ne. Yuraniyom ya zama mafi yawan abin da ƙasar ke sayarwa waje, an haƙa sama da tan 4,000 a 1981, aka yi manyan gine-gine a Yamai. Daga nan farashi ya faɗi, bashi ya taru, aka shiga tsuke bakin aljihu, malaman makaranta kuma suna cikin waɗanda suka fi ɗanɗana jinkirin albashi a shekarun da suka biyo baya. A 2006 aka gyara dokar ma'adinai, aka ware kashi 15 cikin 100 na kuɗin shiga ga ƙananan hukumomin yankin da ake haƙa. A 2008 Shugaba Mamadou Tandja ya samu ƙarin farashi, a 2009 aka ba Areva izinin Imouraren. A watan Mayun 2014 gwamnatin Mahamadou Issoufou, wanda shi kansa tsohon ma'aikacin SOMAÏR ne, ta sa hannu a sabuwar yarjejeniya bayan dogon ja-in-ja kan haraji.

Duk wannan ciniki yana da muhimmanci. Sai dai mai gidan da hankalinsa ya tafi kacokan ga kuɗin wata yakan manta da tambaya ta biyu: ranar da wannan mutum zai tashi, a wane hali zai bar mini gidana, kuma me ke hannuna idan ya ɓata shi? Dokar da ta wajabta binciken tasirin manyan ayyuka ga muhalli ba ta zo a Nijar ba sai 1997, babbar dokar muhalli kuma a 1998. Wato ɗan haya ya yi kusan shekara 30 a gida kafin mai gida ya rubuta cikakkiyar ƙa'idar kula da shi.

Duba gida bayan an daɗe da shiga

Yuraniyom kaɗan ne a cikin dutse. Domin a samu kilo 'yan kaɗan sai an niƙa tan guda, a jiƙa shi da sinadarai, a tace. Abin da ya rage, kamar dusa bayan tankaɗe, shi ake tarawa a fili. Wannan dusa kuwa tana riƙe da mafi yawan gubar nukiliyar da ke cikin dutsen, tana fitar da iskar radon, kuma ƙarfinta yana ɗaukar dubban shekaru bai gushe ba. Ido ba ya ganin wannan guba, hanci ba ya jin ta, sai na'ura.

A farkon shekarun 2000 wani ma'aikacin SOMAÏR, Almoustapha Alhacen, tare da abokansa suka kafa ƙungiyar Aghirin'man, bayan sun ga abokan aiki suna mutuwa da cututtukan da ba a yi musu bayani ba. Su suka gayyato CRIIRAD, wata cibiyar awo mai zaman kanta daga Faransa, a ƙarshen 2003. Masu awon suka samu ƙarafan da suka fito daga ma'adinai ana sayarwa a kasuwa suna ɗauke da guba, irin ƙarafan da talaka ke saya ya yi rufi ko ƙofa ko kayan girki. A watan Nuwamban 2009 ƙungiyar Greenpeace ta yi nata awon. Rahotonta na 2010 ya ce a wani wuri a titin Akokan na'ura ta nuna kusan ninki 500 na abin da aka saba, kuma huɗu daga cikin samfuran ruwa biyar da ta ɗiba a yankin Arlit sun wuce iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa yuraniyom a ruwan sha. Kamfanin ya kwashe ƙasar wuraren da aka nuna a tituna, amma ya ci gaba da cewa ayyukansa suna bin ƙa'ida, kuma yankin dama can yana da yuraniyom a duwatsunsa da ruwansa.

Mai karatu, ka ji muryar mai gida da ɗan haya ke nan. Wannan yana cewa kai ka ɓata, wancan yana cewa haka na tarar. Da akwai awon ranar shiga wanda ɓangarorin biyu suka yarda da shi, mutanen gari kuma suna da kwafinsa, da gardamar ba ta yi tsawo haka ba. Ruwan da ake magana a kansa ma ba irin wanda damina ke mayarwa ba ne. Tsohon ruwa ne da ya taru a ƙarƙashin hamada tun dubban shekaru, abin da aka zuƙe ya tafi ke nan. Amina Weira, 'yar wani tsohon ma'aikacin COMINAK, ta yi fim a 2016 a kan rayuwar garin da wannan fargaba da ke bin iska.

31 ga Maris, 2021

A watan Oktoban 2019 hukumar gudanarwar COMINAK ta yanke shawarar rufewa saboda arzikin ramin ya ƙare, farashi kuma ya faɗi. Ranar 31 ga Maris, 2021 aka tsayar da aiki, bayan an fitar da kimanin tan 75,000 na yuraniyom cikin shekara 43. Ma'aikata kusan 600 suka rasa aiki, aka biya su kuɗin sallama. Ɗaruruwan da ke aiki ƙarƙashin 'yan kwangila ba su shiga wannan tsari ba, suka yi ta kokawa, alhali rami ɗaya suke shiga, ƙura ɗaya suke shaƙa. Bambancinsu da sauran shi ne sunan da ke kan takardar ɗaukar aiki.

Abin da aka bari a fili shi ne tarin dusa kimanin tan miliyan 20 a kan kadada 120, 'yan kilomitoci daga gidajen mutane. Kamfanin ya gabatar da shirin gyara na kimanin biliyan 95 na sefa: a rushe masana'anta, a toshe hanyoyin shiga rami, a lulluɓe tarin da yumɓu da dutse kauri mita biyu, aikin da zai ci kimanin shekara goma, sannan a ci gaba da awo na wasu shekaru. Shirin ya kuma ƙunshi miƙa wa hukuma abubuwan da kamfani ke riƙe da su a Akokan, kamar asibiti da gidaje da hanyoyin ruwa da wuta.

Wannan biliyan 95 shi ne ya yi kama da kuɗin ajiya a labarin nan, amma da bambanci babba. A hayar gida kuɗin yana hannun mai gida tun ranar shiga, shi ya sa ɗan haya ke bin sa. A Akokan kuwa mai tashi ne aka bar wa aiwatar da gyara da kansa, mutanen gari suna kallo suna jira. Kuma alkawarin awo na shekaru ne ƙididdigaggu, gubar kuma ta dubban shekaru ce. Bayan wa'adi ya cika, masu gadon tarin su ne yaran da ke aji uku da aji huɗu a makarantun Akokan yau.

Ba Nijar ce ta fara ganin irin wannan ba. A Mounana ta ƙasar Gabon, kamfanin yuraniyom mai alaƙa da wannan uwar kamfani ya rufe a 1999. Shekaru bayan haka aka gano an gina gidaje da dama da ragowar dutsen ma'adinai, sai da aka rushe su aka sake wasu. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A cikin Nijar ma akwai misali kusa: ma'adinan Azelik da kamfanin SOMINA na haɗin gwiwa da China ya buɗe, ya yi 'yan shekaru kaɗan ya tsaya kafin 2015 ta ƙare.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 dangantaka da Faransa ta lalace. A watan Yunin 2024 aka janye izinin Imouraren daga Orano. A Disambar wannan shekara kamfanin ya ce SOMAÏR ta fita daga ikonsa, a watan Yunin 2025 kuma gwamnati ta sanar da mayar da ita mallakar ƙasa. Orano ya kai ƙara kotunan sasanci na duniya. Mutane da yawa sun yi murna da cewa gida ya dawo hannun mai shi. Amma wanda ya karɓi makulli ya karɓi gida yadda yake, da ramukansa da tarin dusarsa na sama da shekara 50. Tambayar da ta kamata kowane ɗan ƙasa ya riƙa yi, ko wane ne ke haƙa, ita ce: nawa aka ware don gyara, a wane asusu yake, wa ke da ikon taɓa shi, kuma wa ya auna ruwa da ƙasa kafin sabon ɗan haya ya shiga?

Mu dawo ƙofar gidan malam

Ba a fafe gora ranar tafiya. Nijar tana da dokar haya tun 1996, amma doka ba ta iya yi wa mutum shaida a kan abin da bai rubuta ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Malaman fiƙihun Malikiyya kuma sun ɗauki ɗan haya a matsayin amintacce: ba ya biyan abin da ya tsufa don kansa, sai abin da ya ɓata da sakaci ko wuce iyaka. Fenti da rana ta cinye na mai gida ne. Gilashin da yaro ya fasa da ƙwallo na ɗan haya ne.

Saboda haka ranar shiga ku zaga gidan tare da mai shi ko wakilinsa, da shaidu biyu. A rubuta halin kowane ɗaki, ƙofa, taga, famfo, makewayi da rufi. A ɗauki hoto da waya. A rubuta lambar da mitar wuta da ta ruwa suka nuna. A rubuta adadin kuɗin ajiya daban da kuɗin watannin da aka biya gaba, domin a nan ake yawan cakuɗa lissafi. A faɗi wanda kuɗin ke hannunsa, mai gida ko dillali, da kwana nawa bayan tashi za a mayar. Kowa ya sa hannu, kowa ya riƙe kwafi. Duk gyaran da ka yi da kuɗinka, ka sanar kafin ka yi, ka adana rasit.

Idan canji ya fito, ka ba da sanarwa a rubuce da wuri. Ka biya kuɗin wuta da ruwa na ƙarshe ka riƙe shaidar biya. Ka nemi a duba gida kwana biyu ko uku kafin mota ta zo, domin mai gaggawa ba ya ciniki. Abin da za a cire a faɗi dalilinsa da farashinsa. In an ƙi, akwai mai unguwa, bayansa akwai alƙali, kuma wanda ya zo da takarda ba ya doguwar magana. Masu gidaje a cikinmu kuma su ji tsoron Allah: kuɗin ajiya amana ce, ba jari ba ne, ba kuma ladan gini ba ne.

Ga malamai, wannan darasi ne da za a iya kaiwa aji. A sa yara su rubuta halin ajinsu a farkon shekara, tebur nawa, taga nawa, allo yaya yake, su sake dubawa a ƙarshenta. Daga nan a ba su labarin Arlit da shekarunsa da alƙalumansa. Ga iyaye kuma, musamman masu zaune a gidan gwamnati ko na kamfani, a tuna cewa makullin aiki ne, a nemi fili ko da ƙarami tun albashi yana shigowa.

Har yanzu akwai yuraniyom a ƙarƙashin Azbin, akwai man fetur a Agadem, akwai zinariya a Jado da Tillaberi. Sababbin 'yan haya suna zuwa, wasu daga gabas, wasu daga yamma, wasu 'yan gida. Yaran da ke gabanmu yau su ne za su zauna a teburin sa hannu gobe. Idan sun tashi da sanin cewa ana duba gida kafin a ba da makulli, kuma ana riƙe kuɗin gyara a inda mai gida zai iya kaiwa gare shi, to wahalar da mutanen Arlit da Akokan suka sha ta zama ilimi. Allah ya ba su lafiya, ya sa mu zama masu cika amana.